Baba na son jinginar da gona don in shiga jami'a

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Ni budurwa ce 'yar shekara 19, a cikin birnin Zariya nake. Tun ina ƙaramar sakandare burina in zama ma'aikaciyar jinya. Na rubuta JAMB bana, makina bai kai na kwas ɗin jinya a ABU ba, sai aka nuna mini zan iya samun gurbi a sashen nazarin halittu. Akwai kuma damar in canza zuwa poli ta Nuhu Bamalli in karanta SLT, wato kwas ɗin aikin ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ko in nemi kwalejin lafiya ta Makarfi, ko makarantar jinya.

Babanmu ya yi ritaya, da fansho muke lallaɓawa da abin da gonarsa ta ƙauye ke bayarwa. Ya ce shi dai jami'a, ko da zai jinginar da gonar ne, ba ya so a ce 'yarsa ta tsaya a difloma. Umma ɗinki take yi a gida, ita ta ce in ɗauki wanda ya fi araha kuma ya fi gajarta, saboda akwai ƙanne uku a bayana. Yayana ya shiga wata jami'a kwas na shekara 4, sai da ya shekara 7 kafin ya fito, yanzu POS yake yi a bakin titi, shi cewa yake duk ɓata lokaci ne. Ƙawata ta ce in ci bashin ɗalibai na gwamnati, Baba ya ce ba za a fara mini rayuwa da bashi ba. Ba na iya barci, Anti. In na zaɓi jami'a gonar ta salwanta, ba zan yafe wa kaina ba. In na zaɓi ƙaramar makaranta, ji nake kamar na kunyata Baba. Wacce ta fi sauƙi, wacce kuma za ta fitar da ni?

Wata ɗaliba, Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya sanyaya miki zuciya. Yarinyar da ke hana idonta barci saboda gonar mahaifinta da makomar ƙannenta, iyayenta sun yi tarbiyya. Amma ki sauke wannan nauyin da kika ɗora wa kanki na cewa duk abin da ya biyo baya laifinki ne. Gona ta Baba ce, shawara kuwa ta gida ce gaba ɗaya. Naki shi ne ki kawo musu bayani sahihi, domin a yanzu kowa yana magana ne da abin da idonsa ya gani: Baba da abin da ya gani a ofis, Umma da abin da take gani a tukunya, Yaya da abin da ya gani a makaranta. Babu maƙaryaci a cikinsu, sai dai har yanzu ba a sami wanda ya zauna ya yi lissafin daga ranar shiga har ranar da takarda za ta zo hannu ba.

Kafin maganar kuɗi, akwai abin da wasiƙarki ta wuce da sauri, ni kuwa a nan na fi tsayawa. Kin ce jinya kike so. To ki sani digirin nazarin halittu ba ya kai mutum bakin gadon majiyyaci, SLT ma haka. Ɗalibai da yawa kan shiga SLT da zaton a ɗakin gwajin jini na asibiti za su ƙare, sai sun yi nisa su gane cewa wancan aikin yana da nasa kwas da tasa hukumar mai ba da lasisi, wato MLSCN, kuma takardar SLT ba ta ba mutum wannan lasisin. Mai SLT yana aiki a ɗakunan gwaje-gwaje na makarantu da masana'antu da cibiyoyin bincike. Aiki ne mai mutunci, amma ba shi kika ce mini kina so ba. Za ki kuma ji masu cewa, "Ki dai shiga, in kin gama aji ɗaya sai ki canza zuwa jinya." Kada ki ɗora shekara huɗu a kan wannan maganar. Kwasa-kwasan lafiya suna da adadin ɗaliban da hukumominsu suka ƙayyade wa kowace makaranta, wurin a cike yake tun daga ƙofa, wanda ya sami canji kuwa sa'a ce ta zo masa.

Yanzu kuɗi. Abin da kowa ke kwatantawa shi ne kuɗin rajista, don shi ake bugawa a takarda. A watan Agustan 2023 gwamnatin Uba Sani ta rage kuɗin manyan makarantun jihar Kaduna: na jami'ar jiha, KASU, ya sauko daga naira 150,000 zuwa 105,000, na Nuhu Bamalli daga 100,000 zuwa 50,000, aka kuma rage na kwalejin Shehu Idris da ke Makarfi da na kwalejin jinya ta jiha. Ragin ya biyo bayan ƙarin da aka yi ne a 2021, wanda ya ninka kuɗin har ɗalibai suka fito zanga-zanga. Jami'o'in tarayya irin ABU a ƙa'ida ba sa karɓar kuɗin koyarwa, amma akwai na rajista, na jarrabawa, na asibiti, na ɗakin gwaji da sauransu, kuma da dama daga cikinsu sun ƙara waɗannan kuɗaɗen a 2023. Wato kuɗin da kika shiga da shi ba lallai ne shi za ki fita da shi ba. Ki samo adadin bana daga ofishin kuɗi na kowace makaranta ko shafinta na intanet, na sabon ɗalibi da na tsohon ɗalibi, domin sun bambanta, sannan ki bar sarari a lissafinki saboda ƙari.

Sai dai kuɗin rajista kamar kuɗin sayen akuya ne, sau ɗaya ake ji, dusar da za ta ci kullum ita ke cinye aljihu. Ki kwatanta safiyar Litinin kina da lacca da sassafe: kin fito daga cikin birni kin tsaya a Ƙofar Doka kina jiran abin hawa, daga nan Tudun Wada, PZ, Kwangila, kafin ki hango ƙofar jami'a a Samaru, da yamma kuma ki sake bin hanyar a gajiye. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, wannan zirga-zirgar ta zama babban gida a kasafin ɗalibi. Mu ƙaddara zuwa da dawowa naira 1,500 ne a rana. Kwana 5 a mako, 7,500 ke nan. Mako 30 na karatu a shekara, ya zama 225,000, ba ki sayi ko ruwan leda ba. Ki sa ainihin kuɗin da ake biya daga ƙofar gidanku a madadin nawa, ki gani da idonki. Nuhu Bamalli tana kan hanyar Kaduna, ta fi kusa da 'yan cikin birni, to nata lissafin daban ne. In kika sami gado a ɗakunan kwanan ɗalibai mata na ABU, Amina ko Ribadu, kin huta da mota, amma gadon ba ya isar kowa, kuma mai kwana a makaranta abincinta daban ne da tukunyar gida. Wadda ba ta samu ba sai hayar ɗaki a Samaru ko Hayin Dogo, kuɗin shekara a dunƙule. Makarfi kuwa zama za ki yi can, da haya da abinci da kuɗin zuwa gida. Ki ƙara da yunifom ko farar rigar ɗakin gwaji, littafin gwaje-gwaje, hoton takardu, data, da furojet na ajin ƙarshe. Waɗannan ƙananan su ne ke sa ɗalibi ya fara fashin lacca, fashin lacca ya haifi kariyoba, wato darasin da aka faɗi sai an maimaita, kariyoba ta haifi ƙarin shekara da sabon kuɗin rajista.

Abin da kika samu na shekara ɗaya, sai ki ninka da yawan shekaru, kuma a nan ne arahar takarda kan juye. Nazarin halittu shekara 4 ne. Poli kuwa shekara 2 ce ta ND, ƙaramar difloma, shekara 1 ta sanin makamar aiki, sannan shekara 2 ta HND, babbar difloma, biyar ke nan kafin hidimar ƙasa, kuma HND ɗin sai an sake nema. Diflomar CHEW, wato ma'aikacin lafiyar al'umma, shekara 3 ce. Jinya a tsohon tsari shekara 3 ce, a sabon tsarin ND da HND da makarantu da yawa suka koma kuwa shekara 4.

Waɗannan shekarun takarda ne. Yayanki shaida ne cewa akwai shekarun ƙasa. A 2020 yajin aikin ASUU ya kama daga Maris har Disamba, ga kullen korona a kai. A 2022 aka sake rufe jami'o'i daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata 8 cur. Duk wanda waɗannan biyun suka tarar a aji, an ci masa kusan shekara biyu ba da laifinsa ba. Malaman poli da na kwalejojin ilimi su ma suna da ƙungiyoyinsu, suna kuma tafiya yajin aiki, don haka babu makarantar gwamnati da zan ce miki ta tsira. Ki ƙara shekara ɗaya a lissafin kowacce, in ba a yi yajin ba kin ci riba.

Tambayarki ta biyu, wacce za ta fitar da ke, ita ce mafi nauyi, kuma amsarta ba a kan allon talla take ba. Ba kasafai makarantunmu ke buga adadin waɗanda suka shiga da waɗanda suka fita a kan lokaci ba, amma ɗalibai sun sani sarai. Ki je sashen da kanki. Ki tsaya gaban allon da ake liƙa sakamako ki dubi na ajin ƙarshe, ki ga layuka nawa ne ke ɗauke da darussan baya. Ki sami shugaban ajin ƙarshe, ko wata ɗaliba mai sakin fuska, ki tambaye ta ku nawa kuka fara, ku nawa za ku fita bana, sauran ina suka tafi. Za ta lissafa miki su da sunayensu: wannan an kore ta saboda maki, wannan kuɗi ya yanke, wannan aure, waɗannan suna maimaita shekara. Ki kuma tambaya, waɗanda suka gama bara, wata nawa suka jira kafin sakamako ya fito, sun tafi hidimar ƙasa ko suna gida, kuma me suke yi yanzu. Amsar da za ki samu cikin rabin awa a inuwar bishiyar sashen ta fi duk abin da za a faɗa miki a majalisar unguwa.

Sannan ki tabbatar kwas ɗin da kansa yana da amincewar hukuma, domin sunan makaranta ba ya wadatarwa. NUC ke tantance kwasa-kwasan jami'a, NBTE mai hedikwata a Kaduna ke tantance na poli, hukumar jinya da ungozoma ta ƙasa ke riƙe da jinya, CHEW kuma tana da tata hukumar. A makarantun lafiya akwai abin da suke kira indeksin, wato hukumar ta shigar da sunan ɗalibi a kundinta. Wanda ba a shigar ba, ba zai zauna jarrabawar lasisi ba, ko da ya fi kowa ƙoƙari a aji. Makarantar da ta ɗebi ɗalibai fiye da adadin da aka ba ta, wasu za su gama su zauna jiran layi. To ki tambaya kai tsaye: nawa hukuma ta ba ku, nawa kuka ɗauka bara? Makarantun jinya sun kuma saba yin jarrabawar tankaɗe a watannin farko, wanda bai haye ba ya koma gida. Ban faɗa don in tsorata ki ba, sai don ki shiga da shiri. Kowane gurbi kuma ya bi ta CAPS na JAMB, wato shafin intanet da ake ba da gurbi a kuma karɓe shi. Duk wanda ya ce zai shigar da ke ta bayan fage ki bar masa kayansa, irin wannan gurbin ne ke hana mutane hidimar ƙasa bayan sun sha wahalar shekaru.

Mu zo kan bashi. Ina girmama maganar Baba cewa ba za a fara miki rayuwa da bashi ba, magana ce ta uba mai kishin 'yarsa. Amma jingina ma bashi ce, kuma a cikin duk basussukan da ke gabanku ita ce mafi tsada. Mai karɓar jingina shi zai riƙa noma gonar har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa. Buhunan masara da dawa da ke shigowa gidanku da kaka za su daina zuwa, a koma awo a kasuwa da kuɗin fansho. Kuɗin jinginar zai ƙare a shekarar farko ko ta biyu, karatu bai ƙare ba, ga ƙanne suna tasowa, babu kuma inda za a samo na fansar gonar. Da haka gonaki da yawa suka bar hannun masu su, ba da niyyar sayarwa ba. Malamai ma suna da magana a kan mai ba da bashi ya ci amfanin abin da aka jinginar masa, Baba zai iya tambayar malamin da ya yarda da shi. In lallai sai gonar ta taimaka, a ba da wani yanki haya na damina ɗaya, kuɗin haya ba a mayar da shi, ƙasa kuma tana nan. Ko a ware buhu kaɗan da kaka da sunan karatunki, a adana su zuwa lokacin rajista.

Bashin da ƙawarki ta ambata shi ne na NELFUND, asusun bashin ɗalibai na gwamnatin tarayya. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokarsa a Afrilun 2024, aka buɗe neman bashin a watan Mayun shekarar. Na ɗaliban makarantun gwamnati ne, babu kuɗin ruwa a kansa, ba a neman mai tsaya wa mutum. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, akwai kuma alawus na naira 20,000 a wata ga wanda ya nema. Ana fara biya shekara 2 bayan kammala hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi, mai sana'ar kansa kuma ya ba da kashi 10 na ribarsa. Ki gwada shi da jingina ki gani: nan babu abin da ya bar hannun Baba. Amma bashi ne, dole a biya, kuma alawus ɗin nan mai daɗin karɓa shi ke kumbura shi. Mu ƙaddara kin karɓi 20,000 na wata 10 kowace shekara har shekara 4, naira 800,000 ke nan ban da kuɗin makaranta. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na 70,000, kashi 10 ɗinsa 7,000 ne, zai haura shekara 9 yana biyan alawus ɗin kaɗai. Shawarata, in za ki ci, ki ci na kuɗin makaranta, gida ya ɗauki mota da abinci. Alawus sai in rashinsa zai hana ki zuwa aji, a nan kam karɓarsa ta fi fashin lacca. Ki tambaya ko makarantar da kika zaɓa tana cikin tsarin, ki shirya lambar NIN da BVN da takardar JAMB, kuma a tanadi kuɗin rajistar farko a hannu, domin kuɗin asusun kan iso bayan an rufe rajista. Bashin manhajojin waya kuwa ko kusa kada ki je, ruwansu yana hawa da sauri, kuma in aka makara ’yan’uwa da abokai suke bi da saƙonnin tozarci. Ki riƙa leƙa sanarwar hukumar tallafin karatu ta jihar Kaduna da ta tarayya, amma kada ki sa su a lissafi sai kuɗin ya shigo. Zubin adashin Umma ma in aka daidaita kwasarsa da watan rajista, ya rage wani abu.

Ina so ki fahimci Baba da kyau, don kada ki ɗauka son suna ne kawai. Wanda ya yi aikin gwamnati ya ga yadda mai babbar difloma ke tsayawa a wani mataki, yaron da ya koya wa aiki ya zo da digiri ya wuce shi. Abin nan gaskiya ne. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta amince da ƙudurin soke bambancin HND da digiri a 2021, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa hannu ba. Baba yana gudar miki abin da ya gani ne. Abin da wataƙila bai sani ba shi ne hanyar jinya ba ta toshe a difloma ba. Mai lasisin jinya tana iya shiga digiri ta DE, wato shiga kai tsaye a tsallake ajin farko, kuma cibiyar karatu daga nesa ta ABU tana ba da digirin jinya ga masu lasisi, suna aiki suna karatu. Digirin da Baba ke so, daga jami'ar da yake so, yana iya zuwa da albashinki, gonarsa na hannunsa. Wannan ce maganar da za ta fi shiga kunnensa.

Umma ta yi daidai da ta tuna da ƙanne uku, domin kuɗin da aka zuba miki duka, an hana wani. Inda za ki taya ta hattara shi ne kalmar araha da gajarta. Ƙananan makarantun lafiya masu zaman kansu sun yawaita, wasu da izini wasu babu, suna alƙawarin takarda cikin sauri. Shekara biyu a inda hukuma ba ta sani ba asara ce tsagwaronta.

Yayanki kuwa ki tausaya masa. Saurayin da ya shekara 7 yana jiran ranar da zai ɗauke wa mahaifinsa nauyi, ya fito ya tarar da rumfar POS, in ya ce duk ɓata lokaci ne ciwo ne ke magana. Kada ki yi gardama da shi. Ki ce, "Yaya, kai ka san makaranta, raka ni mu tambayo." Ya san wanda ake tambaya a sashe, ya san tambayar da ke fito da gaskiya, kuma neman taimakonsa zai nuna masa cewa shekarunsa ba su tafi a banza ba.

Ga yadda na auna, tunda kin nemi ra'ayina. Na farko, ki bi makarantar jinya ta gwamnati da ƙarfinki, ta asibitin koyarwa na ABU da ke nan Zariya ko kwalejin jinya da ungozoma ta jihar Kaduna. Ki duba sakamakonki na sakandare tun yau, ana neman kiredit a Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks, a zama ɗaya ko biyu. Masu nema suna da yawa, gurbi kaɗan ne, don haka ki nemi fiye da ɗaya. In ba ta samu ba, CHEW a Makarfi hanya ce ta gaske zuwa aikin lafiya, amma ki shiga da sanin cewa CHEW ba nas ba ce, a cibiyoyin lafiya na matakin farko take aiki, kuma da yawa kan fara da aikin sa-kai kafin gwamnati ta buɗe ɗaukar ma'aikata. Gurbin ABU ban ce ki raina shi ba. Jami'a ce da ta kafu tun 1962, takardarta tana da daraja, kuma kina da gatan da 'yan nesa ba su da shi, na kwana a gida. In kin zauna da zuciyarki kin ga za ki iya son nazarin halittu don kansa, har ki ga kanki kina koyarwa ko bincike, ki karɓa, da bashin NELFUND na rajista, ba tare da an taɓa gona ba. In kuwa za ki shiga ne kina leƙen tagar 'yan jinya shekara huɗu, ina ji miki tsoron kariyoba, don karatun da zuciya ba ta so da wuya ya yi albarka. SLT ita ce ta ƙarshe a wurina, ba don aibin makarantar ba, sai don shekara biyar ce zuwa inda ba ki nufa ba.

Akwai kuma hanyar da ba ki ambata ba, ta sake rubuta JAMB baɗi. A shekara 19, shekara ɗaya ba asara ba ce in an yi ta da tsari: darasi na musamman a kan darussan da suka ja makinki ƙasa, da zama kusa da keken Umma kina koyon ɗinki, wanda zai biya miki kuɗin mota duk makarantar da kika shiga daga baya. Amma ki yanke wa kanki shekara ɗaya tak, kuma ku yi wannan alƙawarin a gaban Baba.

Yadda za ki kai maganar yana da muhimmanci. Ki sami takarda guda, kowace makaranta da layinta: kuɗin shekara gaba ɗaya, yawan shekaru da ƙarin ɗaya, bashin da zai rage a wuyanki ranar fita, da abin da 'yan ajin ƙarshe suka faɗa miki. Ki fara nuna wa Umma, ku daidaita. Sannan ki sami Baba lokacin da ya natsu, bayan sallar isha'i in ya ci abinci, ki durƙusa ki miƙa masa. Kada ki buɗe da "ba na son jami'a". Ki ce, "Baba, ina son digirin da kake so mini, ga hanyar da na gani wadda ba za ta taɓa gona ba, ka duba mini." Tsohon ma'aikaci yana girmama lissafi a rubuce, kuma kin bar masa matsayinsa na mai yanke hukunci. In kin san zai yi miki nauyi, ki roƙi Baffa ko Gwaggon da yake jin maganarta su zauna da ku. In ya tsaya a kan ABU bayan ya ga komai, ki bi shi da zuciya ɗaya, amma ki roƙe shi alfarma guda, a bar gonar a ci bashin da ba shi da ruwa.

Abu na gaggawa shi ne CAPS. Kada ki danna karɓar gurbi sai kun gama wannan zaman, domin da zarar kin karɓa sauran ƙofofin bana sun rufe. Kada kuma ki yi sakaci har wa'adin karɓa ya wuce. Ki duba ranar ƙarshe yau, ki ware kwana biyu a makon nan ke da Yaya ku zaga Samaru da makarantar jinya da Makarfi, ki yi istihara, sannan ku zauna da Baba kafin ranar ta cika. Allah Ya zaɓa miki mafi alheri, Ya ba Baba da Umma tsawon rai su ci moriyarki.